Jar Fitila a Ɗakin Injin Tsamaye

Ina gyaran keke a gindin durumin kasuwar Tsamaye aka ba ni aikin da ya fi kowane aiki daɗi a rayuwata, a shekarar da ta fi kowace shekara wuya. Damina biyu ke nan ruwa bai yi abin kirki ba. Gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rijiyoyin gari sai a zura guga a yi ta jira, a jawo rabin ƙwarya na laka. Mata kan tafi gulbi tun da safe su tona rairayi, su dawo da tulu ɗaya rana tsaka. A gidanmu abinci ya koma anza ta daji, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, jiƙon ma ruwa yake ci.

Cikin wannan hali motar haƙa ta zo ta yi ta gurnani a bayan gari, ta bar mana rijiyar burtsatse, da tanki a kan ƙafafun ƙarfe, da ɗan ɗakin bulo mai janareto a ciki. Wanda ya zo haɗa wutar wani injiniya ne Bayarabe, gajere mai tumbi, Hausa a bakinsa kamar a Sakkwato aka yanke masa cibiya. Wata rana ya aiko neman sifana mai lamba goma, tasa ta faɗa cikin rairayi. Na kai masa da kaina. Yana ganin zanen fuskata ya ce, "Alhamdu lillahi, yau Allah ya ba ni bawa." Na ce masa tun da aka kafa Gobir ba a taɓa jin Bagobiri ya bauta wa mai shan barkono ba. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Daga ranar na rufe kayan gyarana na tare a wurinsa, ina miƙa masa waya ina damunsa da tambaya. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe injin, kawuna, wanda shi ne mai unguwarmu, ya kawo sunan mutum uku. Injiniya ya ce shi dai a ba shi wannan Bagobirin mai surutu, tunda ya yi firamare, yana iya karanta abin da ke jikin ƙarfe.

Janareton bai ɗauke mini hankali ba, na san irinsa a gidan niƙa. Abin da na ƙura wa ido shi ne wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka da aka kafe a bango, da fitilu uku a goshinsa, koriya da rawaya da ja, da maɓallai biyu a ƙasa. Injiniya ya zaunar da ni a kan durom ɗin gas ya yi mini karatunsa kwana biyu. Ya ce famfon da ke turo ruwa, wanda suke kira samo, yana can ƙasan rijiya inda ba mai ganinsa, ba mai jin kukansa, shi ya sa aka ɗora wa wannan akwati saurare a madadinmu. Ya ce wutar da ke zuwa wa samo waya uku take bi, kamar duwatsun murhu, in ɗaya ya faɗi tukunya ba ta zama.

"In fitila koriya ce, sha iskarka," in ji shi. "In rawaya ce, ruwa ne ya ja baya ya bar samo a fili. Ruwan ne ke sanyaya shi, in ya yi ta juyawa a bushe zai ƙone. Akwati zai katse wuta, ya jira ruwa ya taru, ya tashe shi da kansa. Kada ka taɓa komai. In kuma ja ce, to wani abu ne ya lalace a wuta, ko samo ya sha nauyi. Wannan ba ta mutuwa da kanta. Ka danna baƙin maɓalli sau ɗaya. In ta mutu, shi ke nan. In ta dawo, ka kashe janareto, ka kulle ɗaki, ka nemo ni."

Na ce, "In ban same ka ba hwa?"

Ya ce, "Sai ka ci gaba da nema."

Ya ba ni makulli a jikin igiya, da shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando, wadda aka ɗinka don wani ƙato. Sai da na naɗe ƙafafunta sau uku. Amaryata, wadda wata huɗu ke nan da tarewarta, ta dube ni ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna motsi. Ban damu ba. Na bi ta kasuwa da rigar, na dawo ta masallaci, na sake bi ta kasuwa.

Ranar da aka fara ba da ruwa injiniya ya riga ya wuce Isa, inda wani aiki ke jiransa. Gari kaf ya fito. Na murɗa janareto ya kama, na danna koren maɓalli, wani abu a cikin akwatin ya ce ƙwas, fitila koriya ta kama. Can sai muka ji ruwa yana dukan cikin tanki kamar ana kiɗan ganga daga nesa. Da aka buɗe famfunan, wata tsohuwa ta tara hannu ta sha, ta zauna a ƙasa tana ta dariya ita kaɗai. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, ji nake kamar daga aljihuna ruwan ke fitowa.

Ba a cika awa ɗaya ba sai ƙwas, ƙarar tanki ta ɗauke. Fuskoki suka juyo gare ni. Na leƙa, fitila rawaya. Kawu ya matso ya ce, "Ɗan ƙanwata, mi ya hwaru? Danna mashi wani abu mana." Na ce masa ba a dannawa, hutawa yake yi, zai tashi. Na faɗa da ƙarfi, amma ban taɓa ganin ya tashi da kansa ba, labari kawai aka ba ni. Mutane suka fara ƙananan maganganu. Wani ya ce dama ina mai faci ina injin gwamnati. Da abin ya ishe ni na shiga ɗakin, na tsaya gaban akwatin, na ce masa cikin raɗa, "Don Allah ka ruhwa mani asiri, tashi." Ban rufe baki ba ya ce ƙwas. Matan da ke kusa da ƙofa sun ji ni, sun kuma ji shi. Guɗa ta tashi.

Da na san abin da ya dace, da na gaya musu gaskiya a nan take. Maimakon haka na ɗauko agogon hannu na marigayi mahaifina, na ɓoye shi a aljihun rigar aiki, na kwana uku ina auna abin. Na gane in fitila rawaya ta kama, minti ashirin yake yi cif, ba ƙari ba ragi. Daga nan na samu sana'a ta biyu. In ya ɗauke sai in fito in zauna a inuwa, in ci goro, in taɓa hira, ko in ɗan duba keken wani, don ban bar gyaran gaba ɗaya ba. In lokaci ya kusa sai in saci kallon aljihu, in miƙe in yi gyaran murya, in shiga in ƙwanƙwasa akwatin sau uku in ce, "To, hutu ya isa haka, tashi." Shi kuwa ya tashi.

Ban taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan watanni ba, ga shi kuwa da yunwa nake kwana kamar kowa. Tsofaffi da suka san ni tun ina yawo ba wando suna gaishe ni da hannu biyu. Masu jiran layi suna gardama a kan ko da wane yare nake masa magana in ba kowa. Amaryata kaɗai na gaya wa asirin, ita ma don ta ga ina ɗaukar agogo ba na ɗaurawa. Ta ce, "Malam, ranar da ya ƙiya, ina za ka sa huskarka?" Na ce mata ba zai ƙi ba, agogo ba ya ƙarya.

Wanda ya kama ni shi ne Arɗo, shugaban Fulanin da ke zaune arewa da gari. Dogon tsoho ne marar yawan magana, kullum yana zaune a kan dutse kusa da kwamin shayar da dabbobi, carbi a hannu. Wata rana na miƙe za ni shiga in yi wasana, sai na ji daga bayana ya ce a hankali, "Tashi." Akwatin ya ce ƙwas tun ban kai ƙofa ba. Na juyo. Bai ko dube ni ba. Da mutane suka ragu na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, ya aka yi?" Ya ɗaga carbinsa ya ce, "Salati ne. In na zagaya wanga sau tara, abin naka shina tashi, ko kana ciki ko kana kasuwa." Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce shi ba ruwansa da wasan samari, abin da yake so shi ne in riƙa sanar da shi in ruwa ya kusa ɗaukewa. Da wannan ya raba garkunan mutanensa, wani ya sha a wannan tashi, wani ya jira na gaba can nesa a inuwa, aka daina turereniya a bakin kwami.

Da bazara ta tsananta sai ga baƙin makiyaya daga Faransa, kamar yadda muke kiran ƙetaren iyaka, da shanu waɗanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Labarin ruwanmu ne ya kawo su, tare da labarin mutumin da ke yi wa inji magana. Ran kasuwa ne, wurin ya cika. Ina waje da hantsi na ji ƙwas, tun lokacin ɗaukewa bai yi ba, na kuma ji ɗan ƙauri kamar an babbake gashi. Na lura da duka biyun, amma idanun baƙi suna kaina, sai na duba agogo na ci gaba da hira. Da minti ashirin ya cika na miƙe, na yi gyaran murya fiye da kullum, na shiga na ƙwanƙwasa, na ce ya tashi. Shiru. Na ƙara. Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi fitilar. Ja ce.

Na danna baƙin maɓalli. Ta mutu, kafin in sauke yatsa ta dawo. An ce mini sau ɗaya, amma sai da na danna sau huɗu, kowane sau tana dawowa. Na kashe janareto. Da ƙararsa ta ɗauke sai kukan shanu ya cika wurin.

Akwai wani mai gyaran rediyo da ke zuwa daga Isa duk ran kasuwa. Ya kutsa cikin mutane ya shigo, ya sa na buɗe murfin akwatin, ya nuna mini wani baƙin abu mai kama da sandar sabulu. Ya ce wannan ne ke yin ƙwas ɗin, shi ne ke haɗa wuta, sauran tarkacen duk tsoron Bature ne. In aka tura shi ciki aka tokare da ɗan itace, samo zai yi aiki ko fitila ta so ko ta ƙi. Ya ce ya sha ganin ana yi a gidan niƙa. Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata, ka ji mai sani. Dabbobi na mutuwa a waje, kai kana kallon hitila." Wani ya miƙo mini guntun itacen aduwa, an ma fere shi. Na karɓa. Gaskiya ita ce ina son in yi. Ba shanun ne a raina ba, kunyar da na sha nake son in wanke.

Sai hasken ƙofa ya tare. Arɗo ne, ya sunkuyo da kai don tsawonsa. Ya ce da ni, "Wanda ya haɗa abin ga, mi yac ce a yi in wagga ta kama?"

Na ce, "Ya ce in kulle in nemo shi."

Ya juya ga mai rediyo. "In an tokare ya yi, mun gode Allah. In an tokare ya ƙone, kwana nawa kahin a samu wani?"

Mai rediyo ya ce ai ba zai ƙone ba.

"Ba shi na tambaye ka ba."

Mai rediyo ya ce wannan kam bai sani ba.

Arɗo ya ce, "Shanun da ke kuka nawa ne da na baƙina. Mu muna iya kwana biyu. Wata biyu ne ba mu iyawa. Kulle, yaro, ka tahi."

Kawu bai ji daɗi ba, amma bai ja da tsohon ba. Aka yi shawara a tsaye, ruwan da ya rage a tanki a bar wa mutane da maruƙa. Na jefar da itacen, na kulle ɗaki, na hau keke ban ko biya gida ba.

Kunya ta raka ni har Sabon Birni, a can ta sauka. Na ajiye keke wurin wani abokin sana'a, na hau bayan wata motar buhuna mai zuwa Isa. Mutanen da ke ciki suka ga shuɗiyar riga da makulli a wuya, wani ya matsa ya ce, "Injiniya, zauna nan." Ban gyara masa ba. Kafin mu kai rabin hanya na yi musu bayanin samo da waya uku da fitilu, har wani dattijo yana tambayata ko garinsu akwai ruwa a ƙasa, ni kuma ina girgiza kai kamar mai nazari. A Isa aka ce mini injiniya ya tafi Kamarawa. Na samu aron keke na bi shi. Na iske shi bayan la'asar a ƙarƙashin wani tanki, yana cin gyaɗa.

Ya ce, "Bawana ya gudo. Wace ce?"

Na ce, "Ja."

"Sau nawa ka danna?"

"Ɗaya."

Ya dube ni.

Na ce, "Huɗu."

"Ka taɓa cikinsa?"

Na ba shi labarin itacen aduwa. Ya daina tauna gyaɗar. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata ba a tokare ba, na rantse masa. Sannan ya miƙo mini gyaɗa.

Washegari da hantsi muka iso Tsamaye, ni a bayan motarsa tare da bututu. Mutane suka cika ƙofa, Kawu a gaba. Injiniya ya fito da wani ɗan ma'auni mai allura, ya taɓa fis na farko, cikin ukun da ke tsaron wayoyin nan uku, allura ta motsa. Na biyu ta motsa. Na uku ko gezau. Ya ce ga dutsen murhun da ya faɗi, saura mu ga wanda ya ture shi. Ya kwance murfin ƙasa, ya zura hannu, ya jawo wani ƙaton ƙadangare ta wutsiya, ya sandare, ya yi baƙi. Ya hau kan bakin waya biyu ne, wuta ta bi ta jikinsa, fis ya tsinke. Akwatin ya ji ƙafa ɗaya ta tafi, ya katse sauran biyun, ya ƙi saki.

Ya ɗaga ƙadangaren ya nuna wa jama'a, ya ce da an tokare, samo zai yi ta gurnani a kan waya biyu yana zafi can ƙasa, ba mai ji, kafin mutum ya gama alwala ya ƙone. Fito da shi sai an kawo mota mai ƙugiya, samun wani kuwa sai abin da Allah ya yi. Aka nemi mai rediyo, ashe tun jiya ya koma Isa.

Injiniya ya sake sunkuyawa yana shafa ƙasan akwatin. Ya ce, "Akwai roba da ta toshe ramin nan. Ina take?"

Roba ce mai kauri, baƙa, mai kyau. Sati biyu kafin nan birkin wani keke ya cinye, ba ni da sabo, na ga tana zaune ba ta aikin komai, na zare ta na yanka biyu.

"Keken wa?" in ji shi, bayan na faɗa.

Na ce, "Na Kawu."

Kawu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce shi dama ya ji birkin ya yi kamu fiye da kima. Dariyar da aka yi a ƙofar nan, har waɗanda ke baya da ba su ji komai ba sun taya. Injiniya ya zauna a kan durom yana share hawaye, yana cewa a duk ƙasar Hausa Bagobiri ne kaɗai zai tsayar da ruwan gari don birki.

Ya sa sabon fis, ya toshe ramin, ya sa ni na danna da hannuna. Koriya ta kama. Ya bar mini fis uku a gwangwanin madara, ya koya mini yadda ake ganin wanda ya mutu, ya kuma ce ko na canza, in ja ta dawo, dokar tana nan.

Abin bai wuce kyauta ba. Wata tsohuwar saniyar Arɗo ta kwanta a rana ta biyu ba ta tashi ba. Baƙin Faransa kuwa rabinsu ba su jira ba, sun kora shanunsu wajen gulbi, ban san yadda suka ƙare ba. Na je ruga na durƙusa gaban tsohon, na gaya masa ni ne sanadi. Ya ce ya ji labarin birki. Ya ce saniyar ta tsufa, amma da ta sha ruwa da ta ga damina. Sannan ya tambaye ni ko minti ashirin ɗin yana nan yadda yake. A hanyar dawowa na ɗaura agogon a hannu.

Bayan kamar wata ɗaya sai ga motar injiniya a ƙofar gidanmu da sassafe. Ya ce an gama wata rijiyar a Tozai, wanda aka ba riƙonta tsohon soja ne da ba ya son Bayarabe ya koya masa komai, ko za ni je in yi masa karatun fitilu da bakin Gobir. Na ce za ni, tun bai gama ba. Na nufi bayan mota, ya ce ina za ka, ya buɗe mini gaba.

Ban taɓa zama a gaban mota ba. Kujerar tana da laushi, ga wani ɗan madubi a gefe da nake ganin kunnena a ciki. Na fito da gwiwar hannu ta taga kamar yadda na ga direbobi suna yi. Na gai da masu zuwa ɗibar ruwa, na gai da Kawu a ƙofar zaure, na gai da wani mutum a kan jaki wanda ban taɓa gani ba. Da muka shiga Sabon Birni injiniya ya rage gudu wajen kasuwa saboda awaki, ya nuna mini tsakiyar sitiyari da haɓa. Na miƙa hannu na danna ham, awakin suka watse, na sake dannawa ko da yake hanya ta riga ta buɗe.